Sawun Tayar Husaini

Bari in fara da nawa aibun kafin in taɓa na wani. Ni mutum ne da ya fi yarda da abin da ke rubuce fiye da abin da ke gaban idonsa. Na taɓa tsayawa a ƙofar shagon ƙanena ina tambayar waya hanyar shagon, shi kuwa yana zaune a ciki yana kallona yana ɓare gyaɗa. Shi ya sa duk lokacin da aka ɗauko labarin Malam Ezekiyel a majalisa ana dariya, ni sai in shiga gyaran hula.

Malam Ezekiyel ya shekara talatin da biyar yana koyar da zanen fasaha a sakandare, sannan ya yi ritaya ya zauna a gidansa a Tudun Ƙofa. Wasu in sun yi ritaya kiwon kaji suke kamawa, wasu siyasa. Shi ƙananan motoci yake ƙerawa, da gwangwanin madara da ɓallin katako da wayar tsohuwar rediyo. Ba irin na wasan yara ba, kuma kada ka kuskura ka kira su haka a gabansa. Duk abin da ke jikin motar gaske sai ya auna shi, ya raba awon gida ashirin da huɗu, ya ɗauki ɗaya. Matarsa Catherine takan ce ita kaɗai ce mace a Keffi da mijinta ke da mota goma sha ɗaya amma take zuwa coci a kan acaɓa.

In ana maganar aboki na gaske, ɗaya gare shi, Husaini direba, mai jan wata tsohuwar Fijo doguwa, fara, tsakanin Keffi da Garaku, ranar kasuwa kuma ya leƙa Gitata. Shekara talatin da ɗaya ke nan tun ranar da naƙuda ta kama Catherine a Gitata ana tsuga ruwa, Husaini ya sauke fasinjojinsa a wata rumfa ya kawo ta asibiti. Saura ƙiris a haifi Zipora a kujerar baya. Tun daga ranar, kowace yamma bayan la'asar, su biyun suna kan benci a gindin dalbejiyar da ke tsakanin gidajensu, suna dara suna zagin juna a hankali.

A kan bencin nan ne Husaini ya ce, "Ticha, bana zan ajiye makulli."

"Wane makulli? Motar da ake tayarwa da waya biyu?"

"Yara sun matsa. Sun ce ido ya tafi. Wai ƙarshen shekara 'yan gwangwan za su zo su ɗora ta a sikeli."

Malam Ezekiyel ya yi dariya, ya cinye masa dutse ɗaya, ya koma gida ya kasa cin tuwo. Kafin gari ya waye ya yanke shawara. Zai ƙera Fijon Husaini, ita kanta, da loɓawarta da tabonta, ya miƙa masa ranar da za a ja ta. Kuma ba wanda zai sani kafin ranar.

Jikin motar bai ba shi wahala ba. Awonta ya riƙa sata kaɗan-kaɗan, yau ya jingina da ƙofa da zare a tafin hannu, gobe ya yi kamar yana kaɗe ƙura a bonet. Ƙananan abubuwan ne suka gagare shi: ragar gaba, mariƙin ƙofa, sitiyari, taya. Hannunsa ya fara rawa tun bara. Ya yanka yatsansa sau uku a kan ragar gaba kaɗai, har Catherine ta ce in dai jini motar ke sha, ta ƙoshi.

Zipora ce ta gaya masa a waya cewa yanzu akwai firinta da ba takarda take bugawa ba, abu take fitarwa sukutum, ka ɗauka ka juya shi a hannu. Ta ba shi kwatancen wata Madam Paulina a Mararaba. Ya kwashe mako uku yana kallon bidiyo yana cika littafi da layuka da lambobi, sannan ya goge takalminsa ya hau mota.

Shagon yana hawa na biyu, a ƙarshen wani lungu marar taga. Ainihin sana'ar Madam Paulina ƙera haƙoran roba ce wa likitocin haƙori, sayar da injinan a gefe take yi. Haƙora ne jere a kan kanta, na sama da na ƙasa, babu mutane a bayansu, duk suna yi masa murmushi.

"Baba, injin iri biyu ne," in ji ta, tabarau a goshi. "Wannan zaren roba yake narkarwa yana ɗora shi layi bisa layi, kamar mai murza taliya. Ba ya wari, ba ya rigima. Amma duk abin da ya yi za ka ga layuka a jikinsa. In kwandon shara kake so ko marfin tanki, shi ne naka."

"Na yi miki kama da mai neman kwandon shara?"

"Ban san ka ba tukuna, Baba."

Ta matsa wurin wasu biyu masu jan murfi, ɗaya babba ɗaya ƙarami. "Waɗannan kuma rezin suke sha." Ta buɗe wata baƙar kwalba ta karkata masa ita. Ruwa ne mai kauri kamar ƙaro, toka-toka, warinsa tsakanin na asibiti da na shagon fenti. A jikin kwalbar akwai hoton mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. "Haske ne ke daskarar da shi daga ƙasa, siriri-siriri, abin ya riƙa tasowa daga cikin ruwan, kansa a ƙasa. Babban, tirensa ya kai faranti, amma idonsa bai kai na ƙaramin ba. Ƙaramin, tirensa bai fi tafin hannunka ba, amma ko gashin gira ka ba shi zai fitar."

Ta lissafa masa dokokin kamar mai sallamar majinyaci. Kada ruwan ya taɓa fata. Kada rana ta gan shi. Kada a shaƙe shi a rufaffen ɗaki. Kada wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, in ba haka ba rabin taya zai samu. "A Keffi ka ce kake? To ka nemi batir tun yanzu."

Ya buɗe littafinsa zai karanta mata abin da ya kwafo. Ta sa yatsa ɗaya ta rufe shi.

"Takarda ba za ta zaɓa maka ba. Mene ne abu mafi ƙanƙanta a motar nan da kake so ya fito?"

Ya yi tunani. "Zanen taya."

"To kawo min zanen. In zana shi a kwamfuta, in buga da duka ukun, ka duba da idonka ka zaɓa."

A nan gizo ke saƙar. Mutum zai iya jingina da motar abokinsa ba a tambaye shi komai ba, amma dattijo ba ya durƙusawa gaban taya a tsakiyar unguwa ba tare da an taru a kansa ba. Gwiwoyinsa ma ba su son a yi musu irin wannan ba-zata. Sai ga ruwan farko ya sauka daren Talata. Da safiyar Laraba, bayan ya ji Fijon ta yi tarinta ta tafi tasha, ya fito da kwanon Catherine da farin garin nan da ake yin silin da shi. A ƙofar gidan Husaini ga sawun taya kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, mai zurfi, tsaf, kamar an buga hatimi. A gefensa akwai wani shafaffen layi mai faɗi da ya ɗauka na kurar mai ruwa ne, bai ko kalle shi sau biyu ba. Ya dama garin, ya durƙusa, ya zuba a cikin sawun. Ya tsaya a durƙushe yana ƙirga daƙiƙoƙi, leɓɓansa suna motsi. Da ya daskare ya ɗago shi har da ƙasar da ta manne, ya naɗe a baƙar leda, ya cusa a ƙarƙashin riga, ya waiwaya hagu da dama, ya wuce gida da sauri.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan an ga mutum ya durƙusa da sassafe yana ɗebe sawun wani. Ba a ɗebe sawu don a roƙa wa mai shi lafiya. Malam Ezekiyel ma ya sani, don kakarsa a ƙauye har da tsintsiya take bin sawun jikokinta in sun wuce ƙofar wanda ba ta yarda da shi ba. Amma a safiyar nan ba sawu yake gani ba, milimita yake gani. Bai ga Mu'mina, matar Husaini, tsaye a bayan labulen zaure da tsintsiya a hannu ba.

Bayan mako ɗaya da kai mata sawun, Madam Paulina ta jera masa tayoyi uku a kan farar takarda, kowace ba ta fi marfin kwalbar lemo ba. Ya ciro gilashinsa mai ƙara girman abu. Ta injin zare, zanen ya cakuɗe ya zama dagwalo. Ta babban injin rezin, zanen ya fito amma bakinsa a dakushe, kamar wanda aka gani ta cikin hayaƙi. Ta ƙaramin kuwa, sai da ya zauna. Kowane rami, kowace kwana, har da 'yar tsagar da ke tsakanin layi da layi.

"Na ƙara maka sitiyari, kyauta," in ji ta. "Amma tayar nan ta ƙaramin, cikinta rami ne, akwai sauran ruwa da ban tsiyaye ba. Kada ka ajiye ta wurin zafi."

"To," in ji shi, yana ƙirga ramuka. Ya ce zai je ya yi tunani. Mutum ne da ya taɓa shekara biyu yana zaɓen fanka.

Ranar Alhamis ya ɗora tayar ƙaramin injin a bakin taga don ya gan ta da hasken rana, Catherine ta aike shi sayen gas, ya haɗu da wani tsohon ɗalibinsa mai dogon labari. Da ya dawo wajen sha biyu da rabi, tayar ta dare daga gefe. Wani ruwa toka-toka yana fitowa daga cikinta, ya gangara a bango ya yi layi har ƙasa.

Da la'asar ya je benci ya jera duwatsun dara. Ya jira. Inuwar dalbejiya ta tsallake kwata, ta hau katangar makwabta. Sai mai shayin bakin layi ne ya zo ya tsaya nesa kaɗan, nesa fiye da yadda ya saba.

"Malam, ba ka ji ba ne? Tayar Husaini ta fashe kafin a shiga Garaku. Ta gaba, gefen direba. Motar ta bar titi ta shiga kunyoyin doya."

"An rasa rai?"

"Allah ya kiyaye. Goshinsa ne aka ɗinke."

"Ƙarfe nawa abin ya faru?"

Mai shayin ya dube shi, irin duban da ake yi wa wanda ya yi tambayar da ya san amsarta. "Wajen sha biyu da rabi."

Ya tafi jaje a take. A zaure ya tarar da Abubakar Sadiq, ƙanen Mu'mina, ma'aikaci a Abuja, mai sabuwar mota da sabon tumbi, wanda yakan zo Keffi lokaci-lokaci ya gyara wa kowa rayuwarsa. Ya tsaya a tsakiyar ƙofa bai ba da hannu ba.

"Yaya yana barci."

Daga ciki ana jin rediyo, ana jin tarin Husaini, tarin da Malam Ezekiyel zai gane ko a tsakiyar kasuwa.

"In ya tashi a ce Ticha ya zo."

"Ya san ka zo. Ai ka saba zuwa ƙofar nan, in ji Yaya Mu'mina. Da sassafe."

Kwana tara bencin yana nan babu kowa. Gaisuwar unguwa ta gajarce, daga ina gajiya ina iyali ta koma ɗaga hannu, daga ɗaga hannu ta koma duban waya. Wata safiya ya fito ya ga an share ƙasar ƙofar gidan Husaini ƙal, an yayyafa ruwa, an kuma sharewa. Matar da ke kawo musu awara ta daina shigowa, sai ta tsaya a waje ta kira Catherine.

"Baban Zipora," in ji Catherine tana tsinke alayyafo, ba ta ɗago ba, "a kasuwa an ce ka kai sawun Husaini wurin wata mata a Mararaba mai tara haƙoran mutane."

"Haƙoran roba ne."

"To sai ka je kasuwar ka yi musu bayani. Ka tafi da allo da alli."

"Maman Zipora, in na faɗa, kyautar ta lalace."

"In ba ka faɗa ba, wa za ka ba? Ni?"

Gaskiyar da bai gaya mata ba ita ce, ba kyautar kaɗai ke riƙe bakinsa ba. Shekara talatin da biyar yana gaya wa yara cewa zafi yana buɗa abu, sanyi yana tsuke shi, ba aljani a ciki. Ya san abin da ya fasa tayar bakin taga. Amma sha biyu da rabi ta ƙi fita daga kansa. Ya ɗauki ɗan sitiyarin nan ya naɗe shi da auduga ya sa a gwangwanin man zafi. Ya ajiye a kan tebur, ya ga tebur yana girgiɗi. Ya mayar cikin durowa, ya tuna akwai ɓera. A ƙarshe ya ɗora shi a saman kabad, ya danne da Littafi Mai Tsarki, ya gaya wa kansa don nauyinsa ne. Kullum da safe in ya ji Fijon ta tashi, don an jawo ta an gyara kuma Husaini ya koma hanya, sai ya hau kujera ya buɗe gwangwanin ya duba.

Rana ta goma Madam Paulina ta bugo. "Baba, wani likita yana son ƙaramin injin. Guda ɗaya ya rage. In ba ka zo gobe ba, nasa ne."

A mota, tun daga Keffi har Masaka, injin zare yake tunani. Ba wari, ba baƙar kwalba, ba mataccen kifi. Abin da ya fi ja masa rai kuma, ko da yake ba zai faɗa wa kowa ba, shi ne tayar da injin ke fitarwa ba ta yi kama da kowace taya a duniya ba. Abin da bai yi kama da komai ba, ba zai taɓa komai ba. Da ya shiga shagon har ya ɗora hannu a kansa.

"Kwandon shara ke nan," in ji Madam Paulina.

Ya ɗauke hannun. In ya sayi wannan, ya san dalilin da ya sa, kuma dalilin zai zauna a ɗakinsa yana kallonsa kowace safiya. Sannan mutumin da ya sauke mota cike da fasinja a cikin ruwa saboda matar wani, ba a ba shi dagwalo.

"Ƙaramin," ya ce. "Da kwalba biyu."

"Ka tabbata? Fuskarka kamar wanda zai sa hannu a takardar tiyata."

"Naɗe shi."

Abin da ya biyo baya, ko maƙiyinsa ne ya tsara masa ba zai fi haka ba. An gan shi ya sauko da kwali yana rungume da shi kamar jariri. An gan shi ya rufe tagar ɗakin baya da baƙin ƙyalle, don kada rana ta ga ruwan. An gan shi ya fito tsakar gida da safar hannu da takunkumi yana zubar da wani abu a rami yana binnewa. Ya huda bango ya sa 'yar fanka don wari ya fita, warin kuwa ya fita, ya tsallake katanga, ya nufi gidan Husaini kai tsaye kamar an aike shi.

Ranar Asabar da rana ya haɗa batir, ya zuba rezin, ya danna. Injin ya fara nishi, tiren yana sauka yana tashi, yana sauka yana tashi. Awa uku yana zaune a gabansa a cikin duhu. Tayoyi huɗu suka fara leƙowa daga cikin ruwan, a rataye, suna ɗiga.

Sai aka yi sallama.

Husaini ne, da filasta a goshi, ya rame. Abubakar Sadiq yana bayansa. Catherine ta shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zauna.

"Ticha," in ji Husaini, "na zo da ƙafata don kada in zauna a kan an ce. Shekara talatin da ɗaya ba kwana talatin da ɗaya ba ce. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ɗebi sawuna?"

Malam Ezekiyel ya cire takunkumin.

"Na ɗeba."

Daga ɗakin baya ana jin injin yana nishinsa.

"To yana ina?"

Ya shige gaba suka bi shi. Ɗakin duhu, sai ɗan hasken da ke fitowa ta jan murfin. Abubakar Sadiq ya ga abubuwan da ke rataye suna ɗiga, ya ja baya yana neman tsari a ƙasan maƙoshi. Malam Ezekiyel ya yaye baƙin ƙyallen taga kaɗan, daga gefen da hasken ba zai kai ga injin ba, sannan ya je tebur ya ɗage wani tsohon zanen Catherine.

Fijo ce, doguwa, fara, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ba ta da taya, a kan akwatunan ashana huɗu take zaune. Ga wayar da ke ɗaure but. Ga fitilar baya ta hagu da aka liƙe da jar leda. Ga rubutun nan na baya, Sannu Ba Ta Hana Zuwa, da harafin ƙarshe da ya goge.

Husaini ya sunkuya ya daɗe.

"Har da loɓawar da saniyar Gitata ta yi," ya ce a hankali.

"Ranar da 'yan gwangwan za su zo na so in ba ka."

"Yaya, wannan ai ya fi muni," in ji Abubakar Sadiq. "Ga motarka, ga lambarka, ga sawunka. An ce tasa ta fashe a taga, taka ta fashe a hanya. Ruwa ba ya tsami banza. Ka tambaye shi ko ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne," in ji Malam Ezekiyel. Ya buɗe durowa ya ɗauko tayar da ta dare ya ajiye a kan tebur. "Rana ɗaya, sa'a ɗaya. Na san zafi ne ya fasa wannan, Husaini. Na koyar da shi. Amma tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Sitiyarinka yana can saman kabad, kullum sai na duba shi."

Husaini ya ɗauki tayar da yatsu biyu ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya kuma kusantowa.

"Ba ni gilashin nan naka."

Ya ba shi. Husaini ya matsa bakin taga yana juya ta.

"Wannan kitson fa na mene ne?"

"Zanen tayarka ne. Saboda shi na zaɓi wannan injin. Sauran biyun ba su iya fitar da shi haka."

"Zanen tayata."

"Rami bisa rami. Daga sawun aka kwafa."

Husaini ya sauke gilashin. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa ya koma. "Wace rana ka ɗeba?"

"Laraba. Washegarin ruwan farko."

"Washegarin ruwan farko." Ya juya a hankali. "Sadiq, ba daren nan ruwa ya tare ka ka kwana a gidana ba? Ka ajiye sabuwar motarka a ƙofa, ka fita da asuba kana cewa kana da mitin?"

Abubakar Sadiq ya dubi tayoyi huɗun da ke rataye a cikin jan haske. Hannunsa ya shiga aljihu ya taɓa makulli ya fito ba tare da shi ba.

"Malam," ya ce, muryarsa ta sauka, "waɗannan ɗin, in sun gama, a ina za ka ajiye su?"

"A inuwa."

"A inuwa sosai dai." Ya share goshi. "Ni ina ganin yau a motar haya zan koma. Dama akwai cunkoso."

"Zo, Ticha," in ji Husaini.

Suka fito. Mu'mina tana bakin zaurenta, mai shayi ya bar tukunyarsa, wasu ma da ba su da dalilin wucewa ta layin suna wucewa. Fijon tana tsaye a inda take tsayawa, da sabuwar loɓawa a hanci da busasshiyar ƙasar gonar doya a bamba. Husaini ya kama hannun abokinsa, hannun nan mai rawa, ya ja shi ƙasa. Gwiwoyin Malam Ezekiyel suka yi ƙara har mai shayi ya ji. Ya ɗora masa tafin a kan tayar gaba, ya bar shi a nan.

"Shafa da kyau, kai ne mai awo. In ka gama ka zagaya sauran, sannan ka ɗauko duwatsun dara. Rana na tafiya, kuma ina bin ka ci biyu."

Malam Ezekiyel ya shafa. Ya rarrafa ya shafa ta baya. Ya zagaya ɗaya gefen, jama'a suna matsa masa.

Tayoyin Fijon Husaini, duka huɗun, har da safayar da ta maye gurbin wadda ta fashe, sun fi shekara uku babu zane ko ɗaya a jikinsu.